Amurka: Masu raba wasiƙu a karkara, dokar tukuicin dala 20 da fargabar guguwar ƙanƙara

Da zarar watan Disamba ya kama a Amurka, akwai tambayar da ke dawowa kowace shekara a gidajen karkara: me za a bai wa mai kawo wasiƙu?

Tambayar ba ta da wuya a baki, amma akwai doka a bayanta. Ma'aikacin gidan waya na ƙasar ba shi da izinin karɓar tsabar kuɗi daga hannun wanda yake kai wa saƙo, ko da dala ɗaya ce. Idan kuma kyautar ba ta kuɗi ba ce, kada darajarta ta wuce dala 20.

A wannan watan ne kuma aikin ya fi nauyi. Saƙonnin Kirsimeti da na sabuwar shekara suna cika motoci, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar na yamma a jihohin arewa, ga dusar ƙanƙara da ke iya rufe hanya cikin sa'o'i kaɗan.

Ga mutumin birni, jinkirin wasiƙa na kwana biyu ba wani abin damuwa ba ne. Amma ga tsohon da ke zaune a gona mai nisan kilomita 50 daga kantin magani, ƙunshin da ya makale a hanya yana iya zama maganin ciwon zuciyarsa ko na hawan jini.

Shi ya sa a karkarar Amurka ba a raba zancen tukuicin mai raba wasiƙu da zancen shirin hunturu.

Yadda wasiƙa ta fara isa gona

Mazauna manyan biranen Amurka sun fara samun wasiƙa har ƙofar gida kyauta tun 1863. Manoma kuwa sai da suka jira fiye da shekara 30.

A 1890, kusan kashi 65 cikin 100 na al'ummar ƙasar a karkara suke zaune. Duk mai son ganin ko an rubuto masa, sai ya ɗaura wa doki sirdi ya nufi gari mafi kusa, inda gidan wayar galibi wani lungu ne a cikin kantin sayar da kayan masarufi. Idan aikin gona ya yi yawa ko hanya ta lalace, wasiƙa kan yi makonni tana jiran mai ita.

Manoman sun ga rashin adalci a wannan tsari, domin kuɗin kan sarki ɗaya suke biya da mutanen birni. Ƙungiyarsu da ake kira Grange ta matsa wa 'yan majalisa lamba, shugaban gidajen waya na lokacin, John Wanamaker, ya mara musu baya. A 1893 majalisar dokoki ta ware kuɗin gwaji bayan ƙudurin da ɗan majalisa Tom Watson na jihar Jojiya ya gabatar.

Gwajin bai fara ba sai ranar 1 ga Oktoban 1896, a garuruwan Charles Town da Halltown da Uvilla na jihar West Virginia. A 1902 aka mayar da shi tsari na dindindin.

Abin da ya biyo baya ya wuce zancen wasiƙa. Hukuma ta gindaya sharaɗin cewa ba za a buɗe wa wani yanki layin rabo ba sai hanyarsa tana biyuwa. Nan take manoma da ƙananan hukumomi suka duƙufa gyaran hanyoyi da gina gadoji don kada a tsallake su. Dokar tarayya ta 1916 da ta ware dala miliyan 75 don taimaka wa jihohi gina tituna, da sunan hanyoyin da wasiƙa ke bi a karkara aka yi ta.

A ranar 1 ga Janairun 1913 kuma aka fara karɓar manyan ƙunsoshi a gidan waya. Kamfanoni irin su Sears da Montgomery Ward suka riƙa aika wa manoma littattafan tallan kayansu. Mutum yana gonarsa zai zaɓi takalmi ko keken ɗinki, ya aika kuɗi, a kawo masa. Abin da ake kira cinikin intanet a yau, a kan wannan turba ya tashi.

Akwatin nan mai rufin baka da ƙaramar jar tuta da ake gani a fina-finan Amurka, wani injiniyan gidan waya mai suna Roy Joroleman ne ya tsara shi a 1915. Kafin nan mutane kan kafa gwangwanin mai ko akwatin sigari a bakin hanya. Idan mai gida ya ɗaga jar tutar, yana sanar da mai rabo cewa akwai wasiƙar da za a tafi da ita.

Gidan waya a kan taya huɗu

A yau hukumar gidajen waya ta Amurka, USPS, tana kai saƙo adireshi fiye da miliyan 160, kwana shida a mako. Daga cikin layukan rabonta akwai kimanin 80,000 na karkara, waɗanda ma'aikata fiye da 100,000, maza da mata, suke bi. Suna da ƙungiyar ƙwadago tasu daban da ta ma'aikatan birni, wadda aka kafa tun 1903.

Aikinsu ya sha bamban da na birni. Ba dole ba ne su sa yunifom. Suna sayar da kan sarki, suna karɓar ƙunshin da za a aika, suna kuma taimaka wa mai son tura kuɗi ta gidan waya, shi ya sa ake yi musu kirari da gidan waya mai tafiya.

Ranarsu tana farawa da sassafe a ofis, inda za su jera wasiƙu bisa tsarin gidajen da ke kan layi, su loda mota, sannan su kama hanya. Wasu layukan sun haura kilomita 240 a rana.

Da yawa daga cikinsu da motar kansu suke aikin, hukuma tana biyan su alawus na mai da gyara. A nan akwai wata matsala. A Amurka ana tuƙi ne a hannun dama, sitiyari yana hagu, akwatunan kuma suna gefen dama na titi. Wanda ya samu hali yakan sayi mota mai sitiyari a dama. Wanda bai samu ba yakan zauna a tsakiyar mota ko a kujerar fasinja, ya miƙa hannun hagu ga sitiyari da ƙafar hagu ga burki, hannun dama kuma yana zura wasiƙa ta taga. Haka zai yi ɗaruruwan tsayawa a yini, taga a buɗe, ko da sanyi ya kai ruwa yana daskarewa.

Waɗanda aka ba motar hukuma ma ba su tsira ba. Fararen motocin nan masu kama da akwati, ƙirar kamfanin Grumman, tsakanin 1987 da 1994 aka ƙera su. Ba su da na'urar sanyaya ciki, ba su da jakar iska ta kariya a lokacin haɗari, kuma tayoyin baya ne kawai ke jan su, abin da ke sa su yawan zamewa a kan ƙanƙara. A 2021 aka bai wa kamfanin Oshkosh Defense kwangilar sababbi, a 2024 suka fara fitowa, amma maye gurbin tsofaffin aiki ne na shekaru.

Akwai kuma wuraren da mota ba ta zuwa sam. Ƙauyen Supai na ƙabilar Havasupai, wanda ke can ƙasan kwazazzabon Grand Canyon a jihar Arizona, har yanzu alfadarai ne ke sauka da saƙonninsa ta wata turba mai tsawon kimanin kilomita 13. A Alaska ƙananan jiragen sama ne ke kai wa ƙauyuka saƙo, har da abinci. Sai a 1963 aka daina amfani da keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara wajen kai wasiƙa a jihar, lokacin da Chester Noongwook ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a tsibirin St. Lawrence.

Duk da wannan nisa, kuɗin kan sarki ɗaya ne, bai kai dala ɗaya ba, ko wasiƙar za ta tsallaka titi ne ko za ta tsallaka nahiya.

Me ke cikin akwatin?

Mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda aka saba da hayar akwati a gidan waya ko bai wa direba saƙo a tasha, zai iya mamakin yadda har yanzu ake dogaro da mai raba wasiƙu a ƙasar da kusan kowa ke riƙe da wayar zamani.

Amsar tana cikin abin da ake kawowa. Ma'aikatar kula da tsoffin sojoji ta Amurka tana aika kimanin kashi 80 cikin 100 na magungunan marasa lafiyarta da ke jinya a gida ta hanyar aika saƙo, kuma tsoffin sojoji da dama a karkara suke zaune. Ga kantunan magani da ƙananan asibitoci da ke ta rufewa a ƙananan garuruwa.

A jihohi irin su Oregon da Washington da Colorado da Utah, ta gidan waya ake aika wa masu zaɓe takardun ƙuri'a. Takardun kotu da na haraji da katin banki duk ta nan suke bi.

Manoma kuma suna karɓar iri da kayan gyaran injin. Tun 1918 gidan waya ke ɗaukar 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya a cikin kwali mai huji, haka nan ƙudan zuma. Idan irin wannan kaya ya kwana a cikin sanyi, asara ce kai tsaye.

Kamfanoni masu zaman kansu irin su UPS da FedEx sukan ƙara kuɗi idan adireshi ya yi nisa da gari. Gidan waya kuwa doka ce ta ɗora masa hidimar kowa.

Akwai wani amfanin da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki ba. Mai raba wasiƙu shi ne sau da yawa mutum ɗaya tilo da ke wucewa ta ƙofar tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a kowace rana. Idan ya ga wasiƙun jiya da na shekaranjiya ba a kwashe ba, ya san akwai magana. Tun 1982 hukumar da ƙungiyar ma'aikatan birni suka kafa wani shiri na sa ido a kan tsofaffi da naƙasassu ta wannan hanya. A karkara, inda kowa ya san kowa, ana yin hakan ko babu rajista.

Dokar dala 20

Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici, kuma ɗan aiken da ya kawo abin arziki ba ya komawa hannu sake. Amurkawa ma suna da tasu al'adar, har ta fi tamu tsauri. A gidan cin abinci ana sa ran mutum ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan kuɗin abin da ya ci, domin dokar tarayya ta yarda a biya masu hidima dala 2.13 kacal a awa, sauran su cike da tukuici. A ƙarshen shekara kuma ana ba mai aski da mai reno da mai gadin gida kuɗi a ambulan.

Mai raba wasiƙu ya fita daga wannan sahu, domin shi ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kuma dokar ɗa'ar ma'aikata da ta fara aiki a 1993 tana kansa kamar yadda take kan babban darakta a Washington.

Ga abin da dokar ta tanada:

Zai iya karɓar kyautar da darajarta ba ta wuce dala 20 ba a lokaci guda.

Jimillar abin da zai karɓa daga mutum ɗaya a shekara kada ya wuce dala 50.

Tsabar kuɗi da cek haramun ne, komai ƙanƙantarsu. Haka ma katin kyauta irin na Visa ko Mastercard da ake iya kashewa a ko'ina, domin ana kallonsa tamkar kuɗi.

Katin kyauta na wani kanti ko gidan shayi guda ɗaya ya halatta, muddin bai wuce dala 20 ba.

Idan kyautar ta haura iyaka, ba a yarda ma'aikaci ya biya rarar daga aljihunsa ya riƙe ta ba. Sai dai ya mayar, ko ya biya cikakken kuɗinta. Idan abin ci ne mai saurin lalacewa, ana iya raba shi a ofis ko a kai gidan agaji.

Dalilin dokar a fili yake. Hidimar ta kowa ce, kuma an riga an biya ta da kuɗin kan sarki. Idan aka buɗe ƙofar kuɗi, gidan da ya fi ba da ambulan mai kauri zai fara samun kulawar da gidan talaka ba zai samu ba. Daga nan kuma tazarar da ke tsakanin tukuici da na goro ba ta da yawa, abin da masu karatu a yankinmu ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kansa.

Masu sukar dokar suna da nasu hujjar. Ba a taɓa ƙara adadin ba tun 1993, kuma hauhawar farashi ta cinye fiye da rabin darajar dala 20 ta wancan lokaci. Sannan a 2023 hukumar ta fara aiki da sabon tsarin lissafin albashin ma'aikatan karkara, wanda ya rage wa kimanin kashi biyu cikin uku na masu layuka abin da suke samu. Mutanen da suka san haka sukan ji cewa kwalin biskit bai isa godiya ba.

Sai dai mai cusa takardar dala 50 a cikin katin gaisuwa yana jefa ma'aikacin ne cikin tsaka mai wuya. Idan ya mayar, ya kunyata mai kyauta. Idan ya riƙe, ya karya doka, kuma aikinsa ne a kan siraɗi.

Abin da ya fi yawa a hunturu shi ne safar hannu, da hular sanyi, da filas na shayi, da ƙananan jakunkunan nan masu ɗumama hannu, da kek ɗin da aka toya a gida. Wasu kuma sukan rubuta wa shugaban gidan wayar garin takardar yabo da sunan ma'aikacin. Wannan ba ta da iyaka a doka.

Tarihin aikin ma yana da labarin wanda ko haƙƙinsa bai samu ba. John Thompson, wani ɗan asalin ƙasar Norway da ake wa laƙabi da Snowshoe, ya shafe shekara 20, daga 1856 zuwa 1876, yana ratsa tsaunukan Sierra Nevada a cikin hunturu, a kan dogayen katakon zamiya, da jakar wasiƙu a bayansa. Tafiyar kimanin kilomita 145 ce tsakanin Placerville a Kalifoniya da Genoa a Nevada. Ya je har Washington neman a biya shi dala 6,000, ya rasu ba a biya shi ba.

Ranar da wasiƙa ba ta fita

A goshin babban ginin gidan waya na James A. Farley da ke birnin New York an sassaƙa wasu kalmomi da aka ciro daga bayanin da masanin tarihin Girka, Herodotus, ya yi game da 'yan aiken sarakunan Farisa da yanayi ba ya tsayar da su. Amurkawa da yawa sun ɗauka taken hukumar ne. Hukumar kanta ta sha bayyana cewa ba ta da take a hukumance, kuma ba ta yi wa kowa alƙawarin jefa ma'aikatanta cikin halaka ba.

An ga haka a ranar 30 ga Janairun 2019, lokacin da iska mai tsananin sanyi daga yankin Arctic ta sauko tsakiyar ƙasar. A birnin Chicago sanyi ya kai kimanin digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Hukumar ta dakatar da rabon wasiƙu a sassan jihohi da dama, ciki har da Minnesota da Wisconsin da Iowa da Illinois da Michigan. A irin wannan yanayi, idan iska tana kaɗawa, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin mintuna.

Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ba ta kiran kowace zubar dusar ƙanƙara guguwa. Sai iska ta kai gudun kilomita 56 a awa, ganin gaba ya ragu ƙasa da mita 400, kuma hakan ya ɗauki aƙalla awa uku. Sanarwarta ma hawa-hawa ce. Akwai ta a zauna cikin shiri, wadda ke fita kwana ɗaya ko biyu kafin lamarin, akwai kuma gargaɗi, wanda ke nufin abin ya iso ko yana dab da isowa.

Abubuwa biyu na shekarun nan sun nuna abin da raini ke jawowa. A Fabrairun 2021 guguwar sanyi ta durƙusar da wutar lantarkin jihar Texas, inda gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan huɗu suka shiga duhu. Alƙaluman hukumomin jihar sun ce mutum 246 ne suka mutu, wasu saboda sanyi, wasu kuma saboda hayaƙi mai guba da suka shaƙa garin neman ɗumi.

A Disamban 2022, kwana biyu kafin Kirsimeti, guguwa ta rufe birnin Buffalo na jihar New York da dusar ƙanƙara mai zurfin fiye da mita ɗaya. Mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu a yankin, wasu a cikin motocinsu. Idan haka ta faru a birni mai motocin share titi da asibitoci, sai a auna halin wanda ke ƙarshen hanyar burji, inda motar share ƙanƙara kan zo a ƙarshe.

Tun ran gini ran zane

Shirin hunturu a karkara daga bakin titi yake farawa. Ƙa'idar gidan waya ita ce akwati ya kasance a tsayin santimita 104 zuwa 114 daga titi, a ja shi baya santimita 15 zuwa 20 daga gefen hanya, yadda mai rabo zai zura wasiƙa bai fito daga mota ba. Ana son turken ya zama na katako ko siririn bututun ƙarfe wanda zai karye idan mota ta buge shi. Turken siminti ko na ƙarfe mai kauri yana iya kashe direban da ya zame.

Kowace shekara a watan Mayu hukumar kan ware mako guda tana tunatar da jama'a su gyara akwatunansu, tun ƙasa ba ta daskare ba.

Idan dusar ta zubo, motar ƙaramar hukuma tana share titi ne ta ture tulin zuwa gefe, daidai inda akwatunan suke. Kwashe wannan tuli aikin mai gida ne. Ana so ya share gaba da bayan akwatin yadda mota za ta shigo ta fita ba tare da ja da baya ba, domin ja da baya a kan titi mai santsi na cikin manyan musabbabin haɗari. Idan akwai ƙunshin da za a kai ƙofa, a share turba da matakala, a watsa gishiri ko yashi, a kuma ɗaure kare.

Mai rabo yana da ikon wuce duk akwatin da isa gare shi ke da haɗari. Sai ya koma da wasiƙun ofis, a sake gwadawa gobe, ko mai su ya je ya karɓa.

Wanda maganinsa ta gidan waya yake zuwa, shawarar da ake ba shi ita ce kada ya bari sai ya rage na kwana biyu kafin ya nemi wani. Mai shirin tafiya kuma yana iya neman a riƙe masa wasiƙunsa daga kwana uku zuwa 30. Tun 2017 akwai manhajar da ke nuna wa mutum hoton wasiƙun da ke tafe, ya san ko fita cikin sanyi zuwa akwati ya cancanta.

A cikin gida, hukumar agajin gaggawa ta ƙasar tana ba da shawarar a tanadi ruwan sha kimanin lita huɗu ga kowane mutum a rana, na kwanaki da dama, da abincin da ba ya buƙatar girki, da tocila da batir da rediyo. A karkara wannan ya fi muhimmanci, domin gidaje da yawa daga rijiyar burtsatse suke shan ruwa, kuma idan wuta ta ɗauke, injin jan ruwa ya tsaya.

Janareta kuwa a waje ake ajiye shi, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Haka ma gawayi a ɗaki rufe. Wannan gargaɗi ya shafi duk mai kwana da kaskon wuta a lokacin sanyin hunturu a Jos ko Agadas, da mai shigar da janareta cikin gida don gudun ɓarayi.

A mota ana son tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, a ajiye bargo da shebur da ruwa da caja. Idan mutum ya makale, ya zauna a cikin motar. Ya riƙa kunna inji kamar minti goma a kowace awa don samun ɗumi, bayan ya tabbatar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba. Masu raba wasiƙu na cikin waɗanda suka fi kowa riƙe wannan karatu, domin a wurare da yawa na layinsu ko sabis ɗin waya babu.

Hidimar da ke cikin matsi

Hukumar gidajen waya ba ta dogara da kuɗin haraji wajen gudanar da harkokinta na yau da kullum. Da abin da ta sayar take rayuwa. Wasiƙun da suka fi kawo mata riba sun ragu da fiye da rabi tun daga 2001, yayin da adireshin da take kai wa saƙo ke ƙaruwa kowace shekara. A shekarar kuɗi ta 2024 ta bayyana asarar dala biliyan 9.5.

A 2022 majalisar dokoki ta sa rabon kwana shida a mako cikin doka. Amma matakan tsuke bakin aljihu na baya-bayan nan, waɗanda suka rage yawan zuwan motocin kwasar saƙo a gidajen wayar da ke nesa da manyan cibiyoyin tantancewa, sun jawo ƙorafi. Hukumar da ke sa ido a kan harkar ta yi gargaɗi a farkon 2025 cewa mutanen karkara ne za su fi jin jinkirin a jikinsu.

Wannan muhawara ta 'yan majalisa ce da shugabannin hukuma a Washington. Abin da ke hannun mazaunin gona kaɗan ne, kuma ba ya buƙatar ambulan. Kyautar dala 20 sau ɗaya ake ba da ita a shekara. Dusar ƙanƙara kuwa a jihohin arewa tana iya zuba daga Nuwamba har Afrilu, kuma duk safiyar da ta zubo, wanda ya riga mai raba wasiƙu fita da shebur ya share gaban akwatinsa ya sauƙaƙa wa ma'aikacin hanya, ya kuma ba maƙwabcin da ke can ƙarshen layi damar samun maganinsa kafin duhu.